Ɗakin Ƙarshe a Gidan Tururuwa

Ƙanena ya rasu bana, a nan Arlit, a gidansa na bayan kasuwa. Ya ƙare ƙarfinsa yana tuƙin manyan motoci tsakanin nan da Agadas har idanunsa suka gaji. Da aka watse daga zaman makoki na duba, sai na ga babu sauran wanda zan ba labarin mahaifiyarmu ya ji shi a jikinsa. Shi ma ba tunawa yake yi ba, don yana goye lokacin da abin ya faru, amma yakan zauna ya saurara, wani lokaci ya ce in sake faɗa masa yadda take ɗaura kallabi. Karatuna na manya ne, da girmana na yi shi, kuma Hausa a kasuwa na koye ta. Zan faɗi abin yadda na iya.

A wancan zamani babu garin nan. Fili ne shimfiɗe, da itatuwan ƙandili jefi-jefi, da rijiyoyin da makiyaya suka sani. Zangonmu yana wajen Gugaram, bukkoki kaɗan kusa da wata rijiya mai ɗan gishiri. Nasara ke mulki. Kumandan yana Agadas, ba mu taɓa ganinsa ba, sai dai gumiyoyinsa, wato dakarunsa na kan raƙuma, su ne ke zuwa mana da saƙonsa. A darin shekarar da nake magana sun zo sun tafi da Baba da raƙumansa, wai zai yi wa waɗansu Nasara dakon kaya. Aka ce mutanen suna yawo ne cikin tuddai suna fasa duwatsu suna zubawa a buhu.

Kaka, mahaifiyar Baba, ta ce, “Mutum ya bar garinsu ya zo tsintar dutse? Ko dai a can ƙasarsu ba su da abin kafa murhu?”

Mata suka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Lokacin dari ne Baba kan tafi Damargu ya sayo mana geron shekara, kuma damina ta riga ta yi mana rowa. Kafin bazara ta kankama buhunmu ya kwanta. Awaki suka rame, nononsu ya koma abin da ba zai rufe gindin akushi ba. Muka rage mu huɗu a bukka: Inna, da Kaka, da ni ina 'yar yarinya mai famfara, da jaririn da ke bayan Inna.

Idan yunwa ta kai haka, matan ƙasarmu suna da abin da suke yi. Suna tonon gidan tururuwa. Tururuwa na kwashe irin ciyawa tun kaka, irin ƙarangiya da na wata ciyawa da muke kira afazo, ta kai ƙarƙashin ƙasa ta jibge ɗaki-ɗaki. Mace za ta fita da sassafe da dagi da faifai, ta nemi inda ƙasa ta yi fari fes an share ta kewaye da rami, ta durƙusa ta fara tono. Tururuwa za ta hau mata hannu har wuya, ba ta da damar tsayawa. Abin da ta samu sai ta bakace, ta daka, ta dama kunu. Yana da ɗan ɗaci da ƙamshin ƙasa, amma yana riƙe ciki.

Aikin yana da ƙa'ida ɗaya da kowace yarinya ke koya kafin a ba ta dagi. Ɗakunan sama halal ne ga mai jin yunwa. Idan aka ci gaba da tono aka kai inda ƙasa ta yi sanyi ta sauya launi, to an zo kusa da ɗakin ƙarshe, kuma nan ake tsayawa. A mayar da ƙasa, a ɗora dutse, in da hali a ɗiga nono kaɗan a kai, a tafi.

Ranar farko da aka tafi da ni, da muka zauna hutawa a inuwar ƙandili, na tambayi dalili. Kaka tana cire tururuwa daga gashina.

“Ke mai kunnen zomo, ba a taɓa faɗa miki ba? Matso, kada bakin nan naki ya kai wa malamai ƙarata.”

Ta ce tun kafin littafi ya zo ƙasar nan akwai wata mace, dukan ciyawar duniya 'ya'yanta ne. Ba a kiran sunanta, Ta Ƙasa kawai ake cewa. Duk shekara idan rana ta yi fushi ta fara kashe mata 'ya'ya, sai ta bi fili tana tsince su tana ƙullewa a bakin zanenta. Idan ta gama ta shiga ta ƙofar tururuwa ta yi ta sauka har ɗakin ƙarshe. A can take kwantawa ta mutu. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta numfashi, tururuwa na gadinta. Sai ranar da tsawa ta buga mata ƙofa take farkawa, ta hau sama a hankali, ta kwance bakin zane, duniya ta yi kore.

“To idan aka taɓa ɗakinta fa?”

“Sai ta farka ba lokaci ba. Ta kama wuyan hannun mai taɓawa ta ce, tunda kin zo, zauna ki taya ni tsince iri sai ruwa ya sauka.”

Kaka ta ce kakanninta har ƙwaryar nono guda suke zuba mata. Sannan ta yi istigfari, ta tofar da yawu gefe, ta ce wannan duk zancen mutanen da ne. Inna tana gefe tana ba jariri nono. Ta ce, “Ku dai kuna tsorata mini ita, anjima ta hana ni barci.”

“Wannan? Wannan ko aljani ya gan ta shi zai tsorata.”

Muka ci gaba da haka har gidajen tururuwa na kusa suka ƙare. Duk inda muka je mukan tarar an riga mu, dutse a kai. Ƙafafun Kaka suka kumbura ta daina fita. Nonon Inna ya fara ɗaukewa. Ƙanena ya koma yin kuka ba murya, bakinsa a buɗe, sai wata 'yar ƙara kamar ta ɗan akuyar da aka haifa bai kai ba.

Wata safiya muka yi nisa yamma, ni da Inna, wajen wani fako mai tsakuwa. Muka sami gida babba wanda aka riga aka tona. Inna ta tsaya a kansa tana kallo. Ta kwance goyo ta miƙa mini, ta ture dutsen da ƙafa, ta durƙusa. Na ga ƙasar na fitowa fara, sannan ja, sannan ta fara fitowa da duhu-duhu tana manne wa dagi.

Na ce, “Inna, an kai wurin sanyi.”

“Na gani. Juya ki kalli awakinmu.”

Babu awaki a wurin, kuma ban juya ba. Ta kwanta rub da ciki, ta zura hannu har kafaɗa, kumatunta a ƙasa, fuskarta tana kallona. Tururuwa na bin wuyanta. Ta yi bisimilla. Da hannun ya fito yana cike da tsaba wadda ban taɓa ganin irinta ba, tas, babu ƙaiƙayi, mai sanyi kamar an ɗebo ta daga tulu. Ta yi ta ɗiba har faifai ya cika, ta zuba saura a bakin zanenta. Ta mayar da ƙasa, ta ɗora dutse. Ta matsa nononta a kai don ta ɗiga, babu abin da ya fito. Sai ta gyara riga ta ce mu tafi.

Kaka na ganin tsabar ta gane. Ta ɗebi kaɗan ta shinshina.

“Wannan ba daga sama ta fito ba.”

Inna ta sunkuyar da kai ta ce, “Daga inda Allah ya ajiye ta ta fito. Ku yi haƙuri.”

Kaka ta dubi jaririn, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce, “Miƙo mini taɓarya. Ke ki kwanta ki huta.” Da kumburarrun ƙafafunta ta tsaya ta daka.

Tsabar nan ita ta riƙe mu. Nonon Inna ya ɗan dawo, ƙanena ya sake samun murya. Amma ba a jima ba masassara ta kama Inna. Yanzu da na girma na san abin da ya kashe ta: jiki ne da yunwa ta cinye, ga ruwan rijiya da ya koma laka, ga jariri na tsotso. Mata biyu sun riga ta a zangon da irin wannan ciwo, kuma ba su taɓa ɗakin kowa ba. Amma a lokacin ni abin da na gani shi ne hannunta na dama, wanda ta zura, shi take yawan riƙewa tana cewa yana mata sanyi.

Da hantsi ta cika. Mata suka fitar da ni, suka yi abin da ake yi. A wajenmu mata da yara ba sa bin gawa. Daga bakin bukka na ga tsofaffin mazan da suka rage a zango sun ɗauke ta sun nufi yamma, wajen fakon nan mai tsakuwa. Ban san cewa a can kusheyin mutanenmu suke ba, don ƙasar wurin ce kura ba ta iya tonawa. Ni dai na san a can gidan tururuwan yake. Na ga sun tafi da ita, na ga sun dawo babu ita.

Na daina cin abinci. Kaka ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce za ta ba kare rabona, alhali ba mu da kare. Rannan tana dama wa ƙanena kunu da nonon akuya na matsa kusa da ita.

“Kaka, Ta Ƙasa ce ta riƙe ta?”

Ludayin ya tsaya a hannunta.

“Tsince iri take taya ta, ko? Idan ruwa ya sauka za ta sake ta?”

Kaka ta dubi wuyana, inda ƙasusuwa suka fito. Ta ce, “I. Amma idan ta hau ta tarar da ke kamar tsinken tsintsiya, ni za ta kama da faɗa. Ungo, sha.”

Na sha. Daga ranar na koma mai jira, kuma jira ya ba ni aiki. Kowace safiya nakan kakkaɓe tabarmar Inna in naɗe ta a inda take ajiyewa. Na hana kowa taɓa matajinta. Ina tara mata labarai a kaina don kada in manta: haƙorin ƙanena ya fito, baƙar akuya ta mutu, na iya ɗaura goyo ni kaɗai ba ya zamewa. Da la'asar nakan hau wani ɗan tudu in dubi kudu maso gabas, inda hadari ke tasowa. Wata rana nakan ji kamar muryarta daga bayan bukka tana kiran awaki, in zagaya da gudu.

Ana cikin haka Baba ya dawo. Ya rame, bayan raƙumansa duk gyambo, da buhun gero guda da ya samo a hanya. Tun daga nesa ya ga matan zango sun fito sun tsaya shiru, sai ya sauka daga raƙumi ya ƙaraso a ƙasa. Wani tsoho ya kama hannunsa suka nufi yamma. Da ya dawo ya ɗauki ƙanena ya zauna da shi a cinya har rana ta faɗi.

Rijiyarmu ta kusa ƙafewa. Mazan zango suka yanke shawara a tashi a nufi gabas, gindin manyan duwatsu, inda ruwa ke daɗewa. Da na ga mata na kwance bukkoki na gane abin da ake nufi. Na je na zauna a kan dutsen murhunmu na ce ba inda za ni. Idan Inna ta hau ta tarar da fili, ina za ta neme mu? Ba ta da takalmi, ba ta da salka.

Baba bai fahimta ba sai da Kaka ta ja shi gefe. Ina jin su.

“Tsohuwa, me kika yi haka? Kin cika wa yarinya kai da zancen jahiliyya.”

“Na cika mata ciki da kunu. Da ka dawo ka tarar da kushewa biyu fa?”

“To yanzu wa zai faɗa mata?”

“Kai ne mai karatu. Ni tatsuniya na iya.”

Baba mutum ne mai riƙo da salla, ya yi karatun allo wajen malaman da ke can cikin duwatsu. Ya zo ya tsuguna a gabana, ya sassauta rawaninsa har na ga bakinsa, abin da ba ya yi. Ya ce, “Uwata, Innarki ta koma ga Allah. Wanda ya tafi can ba ya dawowa sai ranar da za a tashi kowa.”

Na ce, “Na sani, Baba. Ranar da tsawa za ta buga.”

Ya mayar da rawani ya rufe fuska, ya miƙe. Na ga ya je wajen mazan yana magana da su yana nuna raƙumansa, wai bayansu bai warke ba, ba za su iya ɗaukar kaya yanzu ba. Kowa ya san gyambon bai kai haka ba. Suka bar mana salka biyu cike, suka tafi.

Muka rage mu kaɗai a filin. Kullum da safe Baba kan ɗaure igiya a gindin itace ya sauka rijiya ya yashe ta, ya fito da laka a guga, mu zuba a ƙwarya mu jira ta kwanta. Awaki suka ci gaba da mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ban san nauyin abin da nake sa shi yi ba. Kaka ta sani, takan dube shi ta ce, “Gobe ma rana ce ta tafiya.” Shi kuma ya ce, “Bari mu ga gobe.” Ni kuwa ina kan tuduna ina kallon sama. Sau da yawa hadari kan haɗu ya yi baƙi, iska ta zo ta watsa shi, in sauko ina jin haushin iskar kamar mutum ce.

Ranar da ruwan ya zo, da azahar ne. Ƙamshinsa ya riga shi isowa. Awakin da suka rage suka ɗaga kai. Tsawa ta buga har ƙasa ta amsa a tafin ƙafata, sai na ce a raina Ta Ƙasa ta ji, ta farka. Ban jira ya tsaya ba. Na ɗauki takalman Inna da mayafinta na ruga yamma, ruwa na dukana, Kaka na kira ban waiwaya ba.

Na sami gidan tururuwan, dutsen na nan inda Inna ta ɗora shi. Na ture shi don kada ya tare mata hanya. Na zauna na rufe takalman da mayafi. Ruwa ya ɗauke, rana ta fito, ƙasa na tururi. Can sai ramin ya fara motsi, tururuwa masu fiffike suka yi ta fitowa suna tashi sama, da yawa, kamar hayaƙi. Na ce masu gadi ne suka fara fitowa. Na gyara zama, na share fuskata, na shirya labarin da zan fara ba ta. Har rana ta yi ja ina nan. Baba ne ya zo ya ɗauke ni, ya ɗauki takalman da ɗaya hannun.

Na koma washegari, da ranar da ta biyo baya. Na ce a raina ai Kaka ta faɗa, a hankali Ta Ƙasa take hawa. Bayan 'yan kwanaki fakon ya fara yin wani kore-kore wanda sai an kwantar da kai ake ganinsa. Sannan ya fito sosai, har a kan ƙasar da Inna ta tona, nan ma ya fi ko'ina kauri.

Da wata safiya na ga Kaka tafe da sanda, ƙanena a bayanta. Tafiyar ta yi mata nisa, ta iso tana haki. Ta zauna kusa da ni ta miƙe ƙafafu.

“Kin sa tsohuwa ta yi tafiyar da ko mijinta bai sa ta ba.”

Ban yi dariya ba. Ta shafa ciyawar da tafin hannu.

“Kin gan ta? Ta Ƙasa ta hau. Ta kwance zanenta.”

“Inna fa?”

Ta ci gaba da shafa ciyawar. Sannan ta ce, “Ita ciyawa duk shekara ina ganin dawowarta, tun ina kamarki. Amma waɗanda ta riƙe, ban taɓa ganin wadda ta sako ba. Kakata ma ba ta gani ba. Haka ya kamata in faɗa miki tun ranar.”

Na ce, “Ko tana can ƙasa-ƙasa, ba ta ji tsawar ba?”

“Ta yiwu,” in ji Kaka. Ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta. A nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗauke Inna. Ƙanena ya leƙo ta kafaɗar Kaka yana kama gashina yana ja.

Da muka koma na ce wa Baba mu tafi. Muka kwance bukka da safe, aka ɗaura kaya. Tabarmar Inna aka shimfiɗa mini a kan raƙumi, aka ɗora ni a bayan Kaka. Baba ya kama akala, muka yi 'yan taku, sai ya tsaya.

A wajenmu idan zango zai tashi alhali wani nasu ya tafi kiwo mai nisa ko fatauci bai dawo ba, ana bar masa alama. A jera duwatsu daga murhu su nufi inda aka dosa, a kwantar da sanda a ƙarshensu, a rataya salka da ruwa a itace mafi kusa. Ba a yi wa mamaci wannan. Baba ya koma wurin murhunmu, ya sunkuya ya fara jera duwatsu ɗaya bayan ɗaya, yana zaɓen farare waɗanda za a gani daga nesa. Ya kwantar da sandarsa ta kiwo tana nuna gabas. Ya kwance ƙaramar salka daga jikin raƙumi ya rataya a reshen ƙandili, ta wajen inuwa.

Kaka ta ce a hankali, “Ruwan nan za mu neme shi a hanya.”

“Za mu samu, Tsohuwa. Ƙoramu sun cika.”

Ya zo wajena ya miƙo hannu. Na gane abin da yake nema, na ciro takalman Inna daga cikin kaya na ba shi. Ya kai su gindin itacen ya ajiye a jere, bakinsu na kallon gabas, ya ɗora dutse a kai don iska. Ya daɗe tsaye a wurin, bayansa gare mu, kafin ya dawo ya kama akala. Na juya na zauna baya da baya da Kaka, ina kallon salkar tana lilo a reshe, har tudu ya shiga tsakaninmu.